Bashin da Aka Biya, Sunan da Ba a Wanke Ba

Hausawa suka ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Na taso ina jin wannan magana a bakin manya a Karkarna, hedikwatar ƙaramar hukumar Yankwashi, kuma abin da na fahimta daga gare ta shi ne cin bashi ba ya zubar da mutunci, ƙin biya ne ke zubar da shi. Sai da na haura shekara arba'in a duniya sannan na gane cewa a tsarin bankunan ƙasar nan akwai abu na uku wanda manyanmu ba su sani ba, wato mutum ya ci bashi, ya biya, amma a ci gaba da hukunta shi tamkar bai biya ba. A kan wannan abu na uku na ɗauki alƙalami, domin ina ganin zalunci ne, kuma irin zaluncin da doka za ta iya kawarwa da 'yan layuka kaɗan idan an so.

Ni malamin makaranta ne mai karɓar albashin gwamnatin tarayya, kuma kamar yawancin ma'aikatan yankinmu, ban taɓa ajiye fartanya ba. A farkon daminar 2020 na karɓi rancen naira 180,000 daga wani ƙaramin banki, na zuba a noman riɗi, bisa sharaɗin zan biya gaba ɗaya da kaka. Duk wanda ya zauna a Jigawa a wannan shekara ya san irin ruwan da aka sha. Riɗi kuwa ba ya shiri da kwantaccen ruwa. Da saiwarsa ta kwana biyu a laka sai ta ruɓe. Gonar da na sa ran za ta fitar da ni kunya ko kuɗin taki ba ta mayar ba. A daidai wannan lokaci mahaifiyata ta kwanta ciwo, albashi ya koma kantin magani. Da wa'adi ya cika a watan Nuwamba, ko rabin kuɗin ba ni da shi. Ban ɓuya ba, ban kashe waya ba. Da ƙafata na je na shaida wa jami'in bankin halin da nake ciki, ya ce in yi ƙoƙari. A watan Afrilun 2021 na sayar da babur ɗina da tumaki biyu, na biya kuɗin har da tarar jinkiri, aka ba ni rasit. Na ninke shi na sa a cikin akwati, na ce Alhamdu lillahi, na ɗauka magana ta ƙare.

Burina tun ina saurayi shi ne in gina gida a garinmu. Gidan mahaifinmu ya cika ya batse da ƙanne da iyalansu, ni kuma shekara da shekaru ina haya a Kazaure, ina kwashe yara daga wannan gida zuwa wancan duk lokacin da mai gida ya ƙara kuɗi ko ɗansa ya tashi aure. Na sayi fili, na yi zirga-zirgar kusan shekara biyu kafin in mallaki takardar shaidar mallakarsa, domin tun daga Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 babu bankin da zai karɓi fili a matsayin jingina da shaidar mai unguwa kaɗai. Abin da nake dogaro da shi kuwa haƙƙina ne. Tun 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ke kula da shi, kuma doka ta ce a riƙa cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci kowane wata ana zubawa a ciki. A madadin haka, mai zubi yana da damar neman rancen gida a kan kashi 6 cikin ɗari, ya biya a hankali har tsawon shekara 30 idan shekarun aikinsa sun ba shi dama. Tun ranar da na kama aiki ake cire mini wannan kuɗi, ba a taɓa tsallake wata ɗaya ba. Ga wanda ya san cewa bankunan kasuwanci suna neman fiye da kashi 20 cikin ɗari, ya san wannan ita ce ƙofa ɗaya tilo da ƙaramin ma'aikaci zai iya bi.

A 2024 na haɗa takarduna na kai wani bankin lamunin gidaje da ake bi ta hannunsa. Bayan makonni ana ce mini in dawo, sai wani matashin jami'i, mai ladabi ƙwarai, ya zaunar da ni ya juyo da fuskar kwamfutarsa wajena.

"Malam, ka yi haƙuri," in ji shi. "Akwai tsohon bashi a kan lambar BVN ɗinka, kuma an rubuta shi a cikin waɗanda aka fid da rai da su."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan bashi na biya shi shekara uku da suka wuce. Rasit ɗin yana gida."

Ya ce, "Ban ƙaryata ka ba, Malam. Amma ni abin da na gani a nan shi zan rubuta. Sai ka koma wurin waɗanda suka sa sunanka su cire."

Ban ga laifin wannan yaro ba, kuma har yau ban gani ba. Aikinsa ya yi. Laifin na tsarin da ya sa shi zama mai isar da hukuncin da ba shi ya yanke ba, kuma ba shi da ikon saurarar ƙara a kansa.

Ya kamata mai karatu ya san yadda wannan kundi yake, domin da yawa daga cikin mutanenmu sunansu na ciki ba su sani ba. A Nijeriya akwai kamfanoni uku masu lasisin Babban Banki da aikinsu shi ne tattara tarihin bashin jama'a: CRC, da FirstCentral, da CreditRegistry. Dukkansu a Legas hedikwatarsu take. Ban da su, Babban Bankin yana da nasa rumbun bayanan masu karɓar rance. Bankuna manya da ƙanana suna aika musu bayanin duk wanda suka ba rance, nawa ya karɓa, yaushe ya biya, yaushe ya makara, kuma an wajabta wa kowane banki ya duba rahoton aƙalla biyu daga cikinsu kafin ya ba da sabon rance. Tun da aka ƙaddamar da lambar BVN a watan Fabrairun 2014, aka ɗaure kowane asusu da zanen yatsan mai shi, sauya banki ko sauya gari ya daina raba mutum da tarihinsa. A watan Mayun 2017 Farfesa Yemi Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya sa hannu a kan dokar da ta tsara wannan sana'a. A watan Agustan 2020 kuma aka fara aiki da umarnin da ya ba mai bin bashi damar kwasar kuɗinsa daga duk wani asusun wanda yake bi, ko a wane banki yake. A ƙa'idar bankuna, rancen da ya wuce kwana 90 ba a biya ba ya shiga sahun munana. Ni na yi wata biyar, don haka tambarin da aka buga mini a lokacin daidai ne. Abin da ba daidai ba shi ne barinsa a kaina bayan na sauke nauyin.

Hujjata ta farko ita ce wannan: kundin bashi shaida ne, kuma shaidar da ta faɗi rabin gaskiya ta yi shiru a kan sauran rabin, shaidar zur ce. A ce an kira mutum gaban alƙali a Kazaure ya ba da shaida a kaina, ya ce, "Na ga ranar da ya kasa biya," alhali ya ga ranar da na biya ya ɓoye, babu alƙalin da zai kira shi adali idan asirinsa ya tonu. To, wannan shi ne abin da aka yi mini, sai dai mai shaidar ba shi da fuska balle a ja shi rantsuwa. Labarin makarata ya isa Legas cikin wata guda, labarin biyana kuwa shekara uku bai isa ba. Dalili a fili yake. Mai bin bashi yana da riba idan ya kai ƙarar wanda ya makara, domin bulala ce da za ta koro shi ya biya. Amma da zarar kuɗinsa ya shiga aljihu, ba shi da sauran riba a wanke sunan kowa. Doka ta ɗora masa alhakin sabunta bayanai, gaskiya ne, sai dai idan ya yi sakaci, wani ne ke kwana a gidan haya saboda sakacinsa.

Wata huɗu na yi ina neman takardar shaidar cewa ba a bi na bashi. Jami'in da na sani ya bar aiki, an ce fayil ɗina yana babban ofis, an ce mai sa hannu ya tafi hutu, an ce intanet ta ɗauke. Kowace tafiya kuɗin mota ce da ranar aiki guda. Ni ma na ci sa'a ne, domin bankin da ya ba ni rance yana nan da rai, kuma ina iya karanta Turanci, kuma rasit ɗina gara ba ta ci ba. A watan Mayun 2023 Babban Banki ya soke lasisin ƙananan bankuna 179 a faɗin ƙasar nan. Ina so mai karatu ya tambayi kansa halin manomin Achilafiya ko Gurjiya ko Zungumba wanda ya biya bashinsa hannu da hannu ga wakilin irin wannan banki, wakilin ya ɓace, bankin ya mutu, sunansa kuma ya rage a kundi. Dokar 2017 ta ba kowane mutum damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara, ta kuma ba shi damar ƙalubalantar kuskure. Madalla. Amma haƙƙin da ba a samunsa sai da wayar zamani da data da Turanci, ga mafi yawan mutanen Roni da Gwiwa da Babura, haƙƙi ne a takarda kawai.

Hujjata ta biyu ta fi ta farko nauyi, domin ba ta tsaya ga kuskure ba. Bayan an gyara bayanina, an rubuta cewa na biya, amma layin da ke nuna na taɓa makara yana nan, kuma duk jami'in da ya buɗe rahotona shi idonsa ke fara gani. Har yaushe? Dokar 2017 ta ce kamfanin adana bayanai ya riƙe su na tsawon abin da bai gaza shekara 6 ba, daga nan a killace su a rumbu na wasu shekaru 10. Mai karatu ya lura da kalmar: abin da bai gaza ba. An sa wa tuna laifi mafi ƙarancin wa'adi, alhali abin da talaka ke buƙata shi ne a sa masa iyakar da ba za a wuce ba. A Ingila, tambarin gaza biyan bashi yana sauka daga rahoton mutum bayan shekara 6. A Amurka, tun dokar 1970, yawancin munanan bayanai ba sa wuce shekara 7. Kada a ce waɗannan ƙasashen Turawa ne masu arziki. A Afirka ta Kudu, tun watan Afrilun 2014, aka kafa ƙa'idar cewa wanda ya biya bashin da aka sa masa baƙin tambari a kansa, a cire tambarin. A Kenya, inda rancen waya ya jefa ɗimbin matasa cikin baƙin kundi saboda 'yan kuɗaɗe ƙalilan, Babban Bankinsu ya hana a watan Afrilun 2020 a riƙa kai sunan mutum saboda bashin da bai kai shilin 1,000 ba. Su ma suna da bankuna, bankunan kuma ba su rushe ba don an yafe wa wanda ya biya.

Lokaci kuwa a harkar gida ba abin wasa ba ne. Rancen gida ana auna tsawonsa ne da shekarun da suka rage wa ma'aikaci kafin ritaya. Ko da dokar 2022 da ta ɗaga ritayar malaman makaranta zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki, duk shekarar da ta wuce ni ina jira tana rage wa'adin biyana, tana ƙara abin da za a cire mini a wata, tana rage yawan abin da za a yarda a ba ni. A gefe guda kuma farashi ba ya jiran kowa. Daga cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da sakin naira a watan Yuni, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen wannan shekara, siminti da kwano da rodi suka bi sahu. Lissafin da magini ya yi mini na ɗaki uku da falo, kafin in gama wanke sunana ya koma lissafin ɗaki biyu babu rufi. Jinkirin wata biyar a kan naira 180,000 ya jawo mini asarar da ta ninka wannan kuɗi sau da yawa. Ban san wata shari'a a duniya, ta addini ko ta boko, da ta yarda hukunci ya fi laifi girma haka ba.

Na san abin da masu kare tsarin za su ce, kuma ba zan yi kamar ban ji ba. Za su ce kuɗin da banki ke bayarwa amanar jama'a ce, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Za su ce mutanenmu sun mayar da rancen gwamnati ganima. A nan dole in sunkuyar da kai, domin akwai gaskiya a ciki. Tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, kowa ya san waɗanda suka karɓi taki da injin ban ruwa suka sayar a kasuwa tun kafin ruwa ya sauka, suna cewa rabonsu ne na arzikin ƙasa. Haka aka yi da rancen korona na 2020. Irin waɗannan mutane sun cuci bankuna, sun kuma fi cutar maƙwabtansu masu gaskiya, domin su suka sa ake yi wa kowane manomi kallon ɓarawo. Ban zo neman a ƙone kundin bashi ba. Ƙasar da ba ta san mai biya da maƙi biya ba, babu wanda zai sami rance a cikinta sai mai uwa a gindin murhu. Hasali ma kundi mai gaskiya abokin talaka ne, domin shi kaɗai ne zai iya tsaya masa a inda ba shi da dangi.

Amma wannan hujja tasu ita ce ke kayar da su. Idan manufar kundin ita ce a rarrabe mai amana da maci amana, to kundin da ya zuba wanda ya sayar da babur ɗinsa ya biya da wanda ya gudu da kuɗi a kwando ɗaya ya kasa aikin da aka ƙirƙire shi dominsa. Mutumin da ruwa ya cinye gonarsa, mahaifiyarsa na kwance, amma ya nemo kuɗi ya kai da ƙafarsa, an jarraba shi an ga halinsa. Wanda bai taɓa cin bashi ba kuwa ba a san komai a kansa ba. Daɗin daɗawa, wane darasi ake koya wa jama'a? Idan wanda ya biya a makare da wanda bai biya ba duka ƙofa ɗaya za a rufe musu, to an gaya wa na gaba cewa da zarar ya makara, biyan ma asara ce. Tsarin da aka kafa don a ƙarfafa biyan bashi ya koma yana karya gwiwar masu biya.

Sa'annan ga tambayar da ba a son ji: wa ake tunawa da laifinsa, wa ake mantawa? A 2010 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar AMCON domin ta saye munanan basussukan da suka kusa durƙusar da bankunan ƙasar nan. Shugabannin hukumar da bakinsu sun sha faɗa cewa kuɗin da suke bi ya kai wajen naira tiriliyan 5, kuma kaso mafi tsoka yana wuyan mutane da kamfanoni 350 kacal. A 2015 Babban Banki ya umarci bankuna su buga sunayen manyan masu taurin bashi a jaridu, aka buga, aka yi surutu na mako biyu, aka wuce wurin. Ban ji an ce ɗaya daga cikinsu ya koma gidan haya ba. A shekarar da ruwa ya ci gonata, wato 2020, Babban Banki ya ba bankuna izinin sake tsara basussukan waɗanda annobar korona ta taɓa, a ƙara musu wa'adi ba tare da an lissafa su a cikin munana ba. Wannan mataki ne mai kyau. Amma waɗanda suka shiga ta wannan ƙofa su ne masu akanta da lauya, waɗanda manajan banki ke miƙewa tsaye idan sun shigo. Ni babu wanda ya ce mini akwai ta. Bashin mai biliyan idan ya makara sunansa sake tsari, na mai dubu ɗari kuwa sunansa taurin bashi. Wannan bambanci ba lissafi ne ya kawo shi ba, matsayi ne.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, mu ba baƙin bashi ba ne balle a ce ana koya mana wayewa. Kafin banki ya zo ƙasar Kazaure akwai adashi, akwai falle da ake karɓa da damina a biya da kaka, akwai jinginar gona a gaban dagaci, akwai fataken da ke ɗaukar kaya a Kano bisa amana su kai Daura da Damagaram su dawo da kuɗi. Dukkan wannan a kan suna yake tafiya, kuma gari yana da kundinsa a zukatan mutane. Ban ce wancan tsari ba shi da aibu ba; falle ya talauta manoma da yawa, kuma tsegumi ya kashe wa wasu kasuwa a banza. Amma kundin gari yana tuna abu uku: ka makara, me ya sa ka makara, kuma ka biya ko ba ka biya ba. Na kwamfuta ya ɗauki na farko ya watsar da biyun. Addinin da mafi yawanmu ke bi shi ma bai yi sakaci da wannan ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, kuma aya ta 280 a wannan sura ta yi umarni da a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. An haɗa rubutu da rangwame a wuri ɗaya. Mu muka ɗauki rubutun muka bar rangwamen. Na san kuma akwai 'yan'uwa da za su ce tun farko me ya kai ni rance mai ruwa. Wannan magana ce ta malamai kuma ina girmama ta, sai dai ba ta kuɓutar da kowa daga abin da nake faɗa ba, domin bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, su ma wannan kundin suke dubawa kafin su sayar wa mutum gida ko mota a biya a hankali.

Maganar tana ƙara girma ne, ba raguwa take ba. A 2024 gwamnatin tarayya ta kafa kamfanin CREDICORP domin yaɗa sayen kaya bisa bashi, kuma shugabanninsa sun bayyana niyyar ɗaure tarihin bashin kowane ɗan ƙasa da lambarsa ta NIN. Idan za a ƙara wa wannan shaida ƙarfi har haka, wajibi ne a fara tabbatar da adalcinsa. Don haka ga abin da nake nema daga 'yan majalisarmu na tarayya da Babban Banki, kuma babu ɗaya da ke buƙatar kasafin kuɗi.

Na farko, duk mai ba da rance da aka biya shi, a ba shi kwanaki ƙididdigaggu ya sabunta bayanin a dukkan kamfanonin uku, ya kuma miƙa wa mai biya takardar sallama a ranar da ya biya, ba tare da an roƙe shi ba. Idan ya saɓa, tarar ta tafi aljihun wanda aka ɓata wa suna. Na biyu, a sa wa tambarin makara iyaka: bashin da aka biya duka, tambarinsa ya sauka daga rahoton da bankuna ke gani bayan ɗan wa'adi sananne, ko da za a ajiye shi a rumbu don bincike. Na uku, a ware ƙananan basussuka da waɗanda ambaliya ko fari da hukuma ta tabbatar suka jawo, kada a auna su da ma'aunin ha'inci. Na huɗu, duk wanda aka hana rance saboda rahotonsa, a ba shi dalili a rubuce tare da kwafin rahoton, a ranar. Na biyar, a kawo hanyar duba rahoto da kai ƙara kusa da jama'a, da Hausa da sauran harsunan ƙasa, ta lambar da ƙaramar waya ke iya bugawa, da teburi a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma. Na shida, a lissafa alheri kamar yadda ake lissafa sharri. Zubin da aka cire daga albashina na shekaru ba fashi, da kuɗin hayar da na biya ba a taɓa kai ni ƙara ba, su ma tarihi ne, kuma sun fi wata biyar tsawo.

Ga 'yan'uwana kuma ina da magana, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Rancen gwamnati bashi ne, sunanka aka rubuta, kuma zai jira ka a ranar da ka fi buƙatar a yarda da kai. Kada ka ba kowa aron lambar BVN ɗinka, ko ɗan'uwanka ne, ko wani ya ce zai sa ka a jerin masu tallafi, domin da yawa sun wayi gari da bashin da ko ƙwandalarsa ba su gani ba. Idan ka ga za ka makara, je ka nemi ƙarin wa'adi a rubuce tun kafin ranar ta zo. Idan ka biya, kada ka bar wurin sai da rasit da takardar sallama, ka adana su kamar takardar gona. Kuma kafin ka kai takardun neman rancen gida, ka fara neman rahotonka ka gani da idonka, wata shida kafin lokaci. Da na san wannan, da na ceci shekara guda ta rayuwata.

Takarduna suna can na sake miƙawa, an ce ana dubawa. Filin yana nan a Karkarna, na kewaye shi da bulo layi huɗu daga abin da nake tsimi, ƙanena yana shuka kuɓewa a ciki da damina don kada ya zauna a banza. Kwanan baya na je biyan kuɗin kayan masarufi da iyalina suka ɗauka a kantin wani dattijo a unguwarmu. Ya buɗe littafinsa, ya nemo sunana, ya ƙirga kuɗin, sannan ya ja biro a kan layin a gabana har sau biyu, ya juyo da littafin ya nuna mini, ya ce, "Malam, ka gani ko? Babu komai tsakaninmu." Wannan dattijo bai yi boko ba, bai san Legas ba, amma ya san cewa wanda ya rubuta suna a littafin bashi, shi ke da alhakin soke shi. Abin da nake nema daga bankunan Nijeriya ke nan, ban ƙara ko ɗigo a kai ba.